Hannunsa Ke Rawa, Shi Kuma Yana Ta Canza Sitiyari

Gwaggo mai wannan fili, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Na kira ki Gwaggo kamar yadda kowa ke kiranki, ko da yake ina zaton na girme ki, don ni har jikoki gare ni. Kada ki ga maganar ta fara da motar wasa ki ture takardata gefe. Ni ma da farko dariya abin ya ba ni, yanzu kuwa shi ne ya hana ni sakat.

Maigidana direban manyan motoci ne, ya yi shekara da shekaru a kan hanya kafin ya ajiye aiki. Bai taɓa kayar da mota ba, ko kaza bai taɓa takawa ba, kuma ba ya gajiya da faɗin haka ga duk wanda ya zauna kusa da shi. Har yau abokansa Direba suke ce masa, yara ma haka idan suna son tsokanarsa. Da ya bar aiki sai ya rasa inda zai sa kansa. Ni tela ce, kekena yana kusurwar falo, to sai ya mai da ni abin kallo. Ya zauna ya zuba mini ido, ya ce ina taka keken da garaje, ya ce in rage wuta a kwana. Na yi haƙuri har haƙurin ya gaji da ni.

Ana nan sai mijin babbar 'yarmu ya saya wa jikanmu wata ƙaramar mota da ake tuƙawa da rimot. Ba irin masu gudun nan ba ce. Tayoyinta manya ne masu laushi, tafiyar hawainiya take yi, aikinta hawan duwatsu. Yaron ya ga ba ta gudu, ya watsar da ita a gidanmu. Kakansa ya ɗauka wai zai duba mene ne ya sa ba ta da sauri, daga nan ban sake jin an yi mini gyaran taka keke ba. Rimot ɗin ana riƙe shi da hagu, yatsa a kan maɓallin wuta, sannan akwai ɗan ƙaramin sitiyari a gefe da ake murzawa da hannun dama. Ranar da ya fara murza shi na ga fuskar mijina ta dawo irin ta da.

Ashe abin yana da mutanensa. A bayan wani tsohon wurin ajiye kayan gini, inda aka tara fasassun bulo da duwatsu, akwai magidanta da ke haɗuwa duk ƙarshen mako, kowa da motarsa a hammata. Akwai likitan haƙori, akwai wani tsohon malamin makaranta, akwai wani bawan Allah mai walda da ya zama amininsa. Sukan jera 'yan alamomi biyu-biyu a kan duwatsun kamar ƙofa, motarka ta bi ta tsakani ba tare da ta taɓa ko ɗaya ba. Ba a neman sauri, natsuwa ake nema da hannun da ba ya gaggawa. To ina za su haɗa kansu da mutumin da ya yi rayuwarsa yana shigar da doguwar mota lungu da baya? Kafin a ce haka ya zama gwaninsu. Yakan dawo da ƙura a gwiwar wando yana ba ni labarin kowane dutse, ina ɗinki ina cewa to madalla.

Sai kuma abin ya fara. Ni na riga kowa gani, don ni ke ba shi shayi. Kofin ya soma ƙara a kan faranti idan ya ɗauka. Daga baya ya koma riƙe shi da hannu biyu. Maɓallin wuyan riga ya zama aiki, har ya daina sa masu maɓalli ya ce zafi suke masa. In ya zauna sai ya danne hannun daman a ƙarƙashin cinyarsa, in muna da baƙi ya cusa shi a aljihu. Motarmu ta gida ma ya miƙa wa autanmu makulli, wai direbobin yanzu ba su da hankali, shi ba zai iya haɗa hanya da su ba. Mutumin da ko sayen burodi sai ya tada mota.

Gwaggo, dole in gaya miki wani abu don ki gane tsorona. Mahaifinsa da ciwon rawar jiki ya rasu. A gidanmu ya yi jinyarsa ta ƙarshe, ni da maigidan muke ba shi abinci a baki. Tsohon nan mai ji da kansa ya koma sai an goge masa haɓa. Na sha ganin mijina ya fito daga ɗakin ya tsaya a baranda ya juya mini baya. Tun a lokacin ya ce mini yana roƙon Allah Ya ɗauki ransa da ƙafarsa, kada ya kai ga wannan hali. Bai sake ta da maganar ba, ni ma ban sake ba.

To a wurin duwatsun sai motarsa ta fara abin da ba ta saba ba. Tayoyin gaba su riƙa karkarwa, tana dab da wuce ƙofa sai ta ɗan waske ta taɓa alama. Ya dawo gida ransa a ɓace ya ce sitiyarin ne ya yi sako-sako, kayan roba ne aka sa mata tun daga kamfani, roba kuwa ba ta da amana. Daga ranar teburin cin abincinmu ya tashi daga aiki, ya zama garejin gyara. Ya shiga sayo kayan alminiyum na sauyi, yana gwada wannan yana kwance wancan, mu kuma muka koma cin abinci a kan cinya.

Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yau ko daga barci aka tashe ni zan lissafa miki kayan sitiyarin motar nan. Akwai sandar da ke haɗa tayoyin gaba biyu, akwai gwiwar da kowace taya ke juyawa a kanta, akwai ɗan hannu da ke fitowa daga ƙaramin injin da ke tura su duka. Na farkon da ya sayo jajaye ne, sai ƙyalli kamar 'yan kunnen amarya. Na zubi ne, aka narka aka zuba a mazubi. Fitar farko sandar ta bugi dutse ta lanƙwashe, ta kuma zauna a lanƙwashe, alhali ta roba da ta lanƙwasa take komawa daidai. Ya ce arha ba ta ado. Ya sayo shuɗɗa, waɗanda inji ya sassaƙa daga dunƙulen ƙarfe, ya ce waɗannan su ne na ƙwarai. Suna da ƙarfi kam, sai dai sandar ta fi tsayi kaɗan, tayoyin suka koma kowace tana kallon gabanta kamar matan da suka yi faɗa. Ya sayo baƙaƙe masu 'yan ƙwallayen ƙarfe a baki, su kuma notinansu suka riƙa kwancewa, sai da ya nemo wani ruwa da ake ɗigawa don su kama. Wani hannun injin da ya sayo haƙoransa ba su dace da na injin ba, ya matsa shi da ƙarfi ya cinye su. Akwai ranar da taya ta maƙale a tsakanin duwatsu, da yake babu sauran roba da za ta karye ta ɗauke wahalar, sai injin kansa ya ƙone. Ya shigo gida da motar tana warin hayaƙi, bai ci abinci ba ranar.

Abin da ke karya mini zuciya shi ne yadda yake gwajin. Ya ɗaga motar kusa da fuskarsa, ya kama taya da yatsu biyu ya girgiza, ya kasa kunne yana neman inda ke motsi. Ya jera sanduna a kan teburin, ya kira ni in zo in duba wace ta fi miƙewa, tunda idona ya saba da awo. Ina tsaye a kansa ina ganin sukundireba na rawa a hannunsa, ɗan noti ya faɗi ya gangara ƙarƙashin kujera, ni ce mai durƙusawa in nemo. Sai in ce masa ai notinan nan sun cika ƙanƙanta, ko yaro ba zai iya riƙe su ba. Kuma duk sabon kayan da ya ɗaura, karkarwar tayoyin sai ta ƙaru.

Wata rana da ya tafi aski na kasa daurewa. Na jera takalma da littattafai da matashin kujera a tsakar ɗaki, na kunna motar. Ban iya ba, amma na sha kallo. Gwaggo, motar nan ta hau ta sauka tiryan-tiryan, tayoyinta ko gezau. Inda na nufa nan take zuwa. Na kashe ta na mayar da komai inda yake, na zauna a kan kujerar kekena na yi kuka mai isata. Ina so a ce laifin motar ne, wallahi ina so.

Ana cikin haka ya yi wa amininsa mai walda rashin kirki a gaban mutane. Mai waldan ne ya taya shi ɗaura baƙaƙen kayan, to da motar ta sake taɓa alama sai maigidan ya huce a kansa, ya ce shi ya ɗaure su a karkace, ya ce mai ƙona ƙarfe ina ya san aiki mai laushi. Bawan Allahn nan ya haɗiye, ya ce ƙila kuskurensa ne, a yi haƙuri. Bayan kwana biyu ya zo gidan da sunan dawo da wani ɗan makulli, ya tarar maigidan ya fita. A bakin ƙofa muka tsaya, yana ta sunkuyar da kai, da ƙyar ya ce mini duk mutanen wurin sun gani, sun dai yi shiru ne don girmansa. Shi ne ya fahimtar da ni abin da ya ɗaure mini kai. Ya ce kayan roba suna da ɗan laushi da ɗan sako-sako, su ne suke shanye rawar hannun kafin ta kai ga taya. Alminiyum kuwa ba ya rufa asiri, duk abin da yatsa ya yi sai ya kai rahoto. Wato mijina da kansa yake ta cire abin da ke suturta shi.

Ya kuma ce a cikin rimot ɗin akwai wurin saiti, inda ake rage wa sitiyarin saurin ji, ya daina amsa ƙananan motsi sai wanda aka yi da niyya. Ban tsaya dogon tunani ba, na shiga na ɗauko masa. A nan tsaye ya danna abin da zai danna, na mayar inda na ɗauko. Sai aka yi dace, ko in ce rashin dace, a makon ne wasu sababbin kayan da ya yi oda suka iso, farare masu kauri. Ya ɗaura su ya tafi.

Ranar ya hau wani dutse da suke kira Hancin Kare, wanda rabonsa da hawa an daɗe, bai taɓa alama ko ɗaya ba. Ya shigo gida yana kiran sunana tun daga ƙofa. Ya ci abinci har ya nemi ƙari, ya yi wa jikanmu dokin wuya. Sannan yana wanke hannu, ko kallona bai yi ba, ya ce to na gani ko, ai dama ya gaya mini ba hannunsa ba ne. Gwaggo, ni ban taɓa ce masa hannunsa ba ne. Babu wanda ya taɓa faɗa masa. Ina tsaye da kwano a hannuna, sai na ce Allah Ya ƙara sa'a.

Tun daga nan tsugune ba ta ƙare ba. Da ma 'yarmu ta lallaɓa shi ya yarda zai je asibiti a duba lafiyarsa gaba ɗaya, da sunan kowa ma yana yi in ya manyanta. Washegari ya kira ta ya ce ta soke, shi garau yake. Yanzu ya zama mai tallan fararen kayan nan, duk wanda ya gani sai ya yi masa bayanin yadda suka fi jajaye da shuɗɗa. Likitan haƙorin nan har ya saya don kada ya kunyata shi, alhali ya san komai. Hannun kuma bai tsaya ba. Mai walda ya sake ƙara saitin sau ɗaya a ɓoye, ya kuma ce mini abin yana da iyaka, in aka wuce ta motar ba za ta iya shan kwana ba, shi kuma ya gaji da kallon idon abokinsa yana masa ƙarya.

Ga ni nan gaba kura baya sayaki. In na faɗa masa, na ƙwace masa abu ɗaya da ya rage yana tashi da safe dominsa, na kuma nuna masa cewa ni da abokansa mun mai da shi yaro muna masa wayo. Na san halin mijina, zai iya haɗa motar a kwali ya shige ɗaki ya zauna jiran abin da ya sami mahaifinsa. In na yi shiru kuma, ciwo na cinsa ba magani, ni ce kuma na taya shi rufe ido. Ɗinkina ma ya lalace, jiya hannun riga na ɗaura a baibai. 'Ya'yan ban gaya musu zancen rimot ba, kunya nake ji. Shin in bar shi da farin cikinsa har ranar da abin zai tonu da kansa, ko in tona da bakina? In kuma faɗar ce, ta ina zan fara?

Matar Direba

Amsa

Matar Direba, sannu da ƙoƙari. Na karanta takardarki har ƙarshe ban yi dariya ba, kuma ban ga macen banza a cikinta ba. Na ga mace da ta ga mijinta zai faɗi ta tara hannu. Sai dai tara hannun ya zo da nasa rikicin, kuma ke ma kin san haka, shi ya sa kika rubuto.

Amsata a taƙaice ita ce ki faɗa masa, kuma kada ki ja lokaci. Amma bari in ba shirun naki haƙƙinsa tukuna. Gaskiya ne motar nan ba abin wasa ba ce a wurinsa. Ita ce ta mayar masa da sunansa bayan ya ajiye aiki, ita ta ba shi abokai da dalilin fita. Gaskiya ne kuma akwai mazan da in aka taɓa musu abin da suke taƙama da shi sai su durƙushe. Da a ce rawar hannun abu ne da ba a iya yi wa komai, kuma ba ya ƙaruwa, da ƙila na ce ki bar kaza cikin gashinta. To ba haka ba ne. Saitin da kuka yi ya sa ya soke zuwa asibiti, daga nan ya daina zama rufin asiri ya koma cutarwa. Garin neman gira kada a rasa ido.

Ki koma kan maganar da ya yi yana wanke hannu. Wa ya ambaci hannu? Shi. Mutum ba ya kare kansa daga tuhumar da bai ji ba, a cikin ransa ya daɗe yana jin ta. Wanda ya ba da makullin motarsa da kansa, ya daina sa riga mai maɓalli, ya san abin da ke faruwa fiye da ku duka. Duk sandar da ya saya ya ɗaura, tambaya yake yi wa kansa, ni ne ko motar ce? Kowane gwaji yana ba shi amsar da yake tsoro, sai ya sake sayo wani ko za a dace. Ranar da kuka taɓa rimot kun ba shi amsar da yake so, ya kuwa rungume ta hannu bibbiyu. Ba sabon labari za ki kai masa ba, za ki shiga ne inda ya daɗe yana zaune shi kaɗai.

Wani abu kuma, daga ke har shi kun yanke wa hannun nan hukunci ba tare da likita ba. Kun ga abin da ya sami mahaifinsa, kuka ɗauka layi ɗaya ne. Ni ba likita ba ce, amma na san rawar hannu iri-iri ce. Wata daga wani magani da mutum ke sha take zuwa, wata daga wata cuta daban da ake iya shawo kanta, wata kuma tana tare da mutum har tsufa ba ta kwantar da shi. Ko da ta tabbata irin ta tsohon ce, abin da ake iya yi wa mai ita yau ya fi na wancan lokacin, kuma wanda ya je da wuri ya fi cin moriya. Ba zan yi miki alkawarin labari mai daɗi ba. Abin da na sani shi ne zaman gida ba ya sauya sakamako, sai dai ya cinye lokacin da za a yi amfani da shi.

Ga yadda nake ganin za ki ɓullo wa abin. Ki zaɓi ranar da ba ta wasan duwatsu ba, ba kuma lokacin da yake kan teburin gyara ba. Ku biyu kawai, ba yara, ba aboki. Kada ki fara da hannunsa, ki fara da abin da kika yi. Ki ce kin ba da rimot an taɓa saitinsa ba da saninsa ba, kin yi ne don ba ki iya ganin ransa a ɓace, kuma kin gane ba ki kyauta ba. Namiji irin naki ya fi iya karɓar neman gafara a kan a zaunar da shi a karanta masa rauninsa. Daga nan ki faɗi abin da idonki ya gani, kofin shayi da sauransu, a taƙaice, ba kuka ba wa'azi. Ki ce kina so ku je asibiti tare, ki kuma sa 'yarku ta sake karɓo ranar ganin likita kafin ki yi maganar, don kada a tsaya a kan za a je.

Ki sanar da mai walda ranar da za ki yi, kada abin ya same shi ba shiri. Ki ɗauki nauyin a kanki, ki gaya wa maigidan ke kika miƙa rimot ɗin. Abokin da aka zaga a gaban jama'a ya haɗiye, ya kuma dawo yana neman yadda zai taimaka, ba a samun irinsa a kasuwa. Mijinki yana da haƙurin da zai ba shi, amma wannan tsakaninsu ne, kada ki tsaya a kai yanzu.

Game da motar, na tambayi wani ɗan ƙanena da ke wannan harka, ya ce abokin mijinki ya faɗi daidai. Sassaƙaƙƙen alminiyum ya fi na zubi ƙarfi da daidaito, amma ba kowane wuri ne ke son ƙarfe ba, da yawa daga gwanayen ma sukan bar abu ɗaya na roba da gangan don ya karye a madadin injin. Ya ce saitin rimot ba maguɗi ba ne, don a yi amfani da shi aka sa shi, masu lafiyayyen hannu ma suna taɓa shi. Ki gaya wa maigidan wannan. Wanda idonsa ya raunana tabarau yake sawa ya ci gaba da karatu. Aibin kawai shi ne an sa masa ba da saninsa ba. A nuna masa wurin, ya riƙa saitawa da kansa gwargwadon yadda hannun ya tashi a ranar. Dutsen da ya hau kuma shi ya hau shi, rimot bai san hanya ba, idonsa da ƙwarewarsa ne suka zaɓi inda taya za ta taka. Kada ki ce ya daina wasan, kada ki kwashe kayan daga tebur. Sayen sababbi zai tsaya da kansa in tambayar ta sami amsa.

Zai yi fushi, ki sa wannan a ranki. Ƙila ya ɗaga murya, ƙila ya yi kwanaki ba ya kula ki, ƙila ma ya haɗa motar a kwali kamar yadda kike tsoro. Ki bar shi ya yi, kada ki janye maganarki kuma kada ki bi shi da magiya. Ke ma ki sami wadda za ki riƙa sauke wa naki nauyin, 'yarki babba ta isa ta ji komai, kin ɗauki abin nan ke kaɗai ya isa haka.

Ina zaton abin da ya fi tsorata mijinki ya wuce rawar hannun. Ya ga yadda aka riƙa kallon mahaifinsa, yana fargabar ranar da ke za ki gani ki fara yi masa irin wannan kallon. Shi ya sa yake ta ɓoyo a cikin gidansa. Ki sanar da shi cewa ranar ta zo ta wuce tuntuni, kin gani tun kafin kowa, kuma ba abin da ya ragu daga matsayinsa a wurinki.

Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa abin ya zo da sauƙi, ke kuma Ya ba ki ƙarfin zuciya da bakin da za ki faɗa.

Gwaggo